Korar kansila kan zargi: inda shawara ta karkata

A wata tattaunawa kan ko ya dace a kori kansila saboda zargi kawai, mafi yawan waɗanda suka yi magana sun ce zargi bai isa a kori zaɓaɓɓen kansila ba. Jama'a suka zaɓe shi, kuma abokan aikinsa ba su da hurumin soke ƙuri'arsu kan jita-jita. Shawarar da ta rinjaya ita ce a dakatar da shi, a saurari ta bakinsa, a jira kotu. An ba da misalin Mark Ridley-Thomas na majalisar birnin Los Anjalas a Amurka: an dakatar da shi a 2021, kujerar ta kuɓuce masa bayan kotu ta same shi da laifi a 2023. Wasu sun nace, ni ma ina bayansu, a naɗa wakilin riƙo nan take, domin mazaɓar Ridley-Thomas ta yi watanni ba mai kaɗa mata ƙuri'a a majalisa.