Jirgin nan mai farfela a baya, me ya hana shi karɓuwa?

Ɗan Tudun Wada:
Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin jirage ku taimaka. Na ga hoton wani ƙaramin jirgi wai shi Beechcraft Starship, farfelarsa biyu a baya suke suna turo shi, ga wasu ƙananan fukafukai a wajen hanci, kuma ba jela irin wadda muka saba gani a jiragen da ke sauka filin jirgin Lawanti na Gombe. Wlh ya burge ni. To me ya sa ba a ganinsa yanzu?

Injiniya Yalwa:
Wa alaikumussalam malam. Kamfanin Beech na Wichita a Amurka ne ya yi shi don ya gaji King Air, wani jirginsu mai farfela biyu a gaba, ya riƙa ɗaukar manyan 'yan kasuwa shida zuwa takwas. Wani injiniyan jirage Burt Rutan ne ya fara ƙera na gwaji wanda bai kai cikakken girma ba ya tashi a 1983, cikakken kuma a 1986. Jikinsa ba alminiyum ba ne, zaren kabon ne da aka haɗa da gam aka gasa, kuma gaban matuƙi allon kwamfuta ne maimakon agogunan nan masu allura, a wancan lokacin fa! Aikin jela kuwa ƙarshen manyan fukafukan ne da suka miƙe sama suke yi, na hancin kuma su ke fara rasa ɗagawa idan gudu ya ragu sosai, sai hanci ya sunkuya da kansa kafin babban fiffike ya gaza. Ni wannan dabarar ce ta fi kama min hankali. Matsala ta zo wajen samun lasisi, hukumar FAA mai kula da jiragen sama a Amurka ba ta saba da irin wannan jikin ba aka yi ta ƙara masa ƙarfi har ya yi nauyi, gudun da aka yi alkawari bai cika ba, ga kuɗi kusan dala miliyan 4 a 1989 wanda da shi mutum zai sayi jet sukutum. Guda 53 kawai aka yi, aka tsaya a 1995.

Oga Bakanike:
Injiniya ka bar babban abin, sifiya. Ko mota ce in dai guda 53 ce a duniya wa zai ajiye maka kayanta a shago? Shi ya sa a 2003 Raytheon mai kamfanin Beech a lokacin ya tattara mafi yawansu, da ma haya ya bayar da da yawa, aka kai Arizona don a sassare su. Abin da ciwo gaskiya. King Air ɗin da aka ce zai gada har gobe ana ƙera shi, sojojin samanmu ma suna da shi.

Ɗan Tudun Wada:
Kai subhanallah, duka aka lalata?

Injiniya Yalwa:
A'a, wasu na gidajen tarihi, 'yan tsiraru kuma masu su suka ƙi mayarwa suka ci gaba da tashi da abinsu. Ka nemi Piaggio Avanti na Italiya ka gani, shi ma farfela a baya kuma a 1986 ya fara tashi, amma shi ya samu kasuwa.