Shekara 4 ina ɗaga ƙarfe, jiki ya tsaya cak: iyakata ke nan?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗaga ƙarfe. Don Allah ina neman shawara, abin ya dame ni ƙwarai.

A Mabera nake, nan Sakkwato. Shekara ta farko na ƙara kilo 7, har hannun rigata ya riƙa matse min damtse. Yanzu wata 14 ke nan ina kilo 76, tsawona mita 1.75, damtse ya ƙi wuce inci 15. Kullum bayan asuba nake fita, don zafin Afrilu ba ya barin mutum ya taɓa ƙarfe da rana. Ina cin ƙwai, wake, awara da nono, ina ƙoƙarin kai giram 1.6 na furotin (sinadarin gina jiki) a kowane kilo na nauyina a rana. Barci ne dai ba ya isata, musamman in an ɗauke wuta.

Na karanta binciken 1995 a Amurka, inda aka ga waɗanda ba sa shan sitiroyid (maganin ƙara girman tsoka) da wuya ma'aunin tsokarsu na FFMI (nauyin jiki ban da kitse, gwargwadon tsawon mutum) ya wuce 25. Na lissafa nawa, wajen 21 ne. Ke nan da sauran tafiya, to me ya tsayar da ni?

Wani a wurin atisayenmu ya ce allurar sitiroyid kawai zan yi. Na ƙi. Tana taɓa zuciya, tana rage maniyyi, ni kuwa aure nake shiri.

Yayyena da suka daɗe a harkar ba tare da allura ba, in ƙara abinci ne ko in rage kwanakin atisaye daga 6 zuwa 4 a mako?