Mun kama gida a Dukki, Alƙahira: ina za mu ci abinci, ina za mu taka da ƙafa?

Maman Ikram, Kano

Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda ƙarshen Disamba, da zarar yara sun samu hutu, za mu je Alƙahira ni da maigida da yara uku da Hajiyarmu. Asalin tafiyar don likita ya duba gwiwar Hajiya ne, sai maigida ya ce tunda dai za a biya kuɗin jirgi, a haɗa da hutu. Ba mu kama otal ba, gida muka kama ta Airbnb a unguwar Dukki, hawa na huɗu, kusa da Midanul Misaha. Mai gidan ya ce akwai lif, akwai kicin da gas.

Duk bidiyon da nake gani dala ne da raƙuma, kuma maigida ya riga ya shirya wannan. Ni abin da nake son sani, in mun sauko ƙofar gida da yamma, ina za mu nufa? Hajiya ba ta iya doguwar tafiya, tana da suga, sannan in ba tuwo ta gani ba sai ta ce ba ta ci abinci ba. Yaran kuwa ba su da zaɓe. Ba na son mu je har Masar mu ƙare a KFC.

Ɗan Azhar

Wa alaikumus salam Anti. Allah ya ba Hajiya lafiya. Kun dace da unguwa. Dukki tana gaɓar yamma ta Nilu, a ɓangaren Giza take, amma daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Dukki tasha biyu ce kawai zuwa dandalin Tahrir da ke tsakiyar gari: Opera, sai Sadat.

Shawarata, kada ku yi gaggawar shiga gari. Ku fara sanin titin da kuke. Kusan kowane bene a nan yana da mai gadi, bawwab ake ce masa, yawanci yana zaune a ƙasan benen da iyalinsa. Ranar da kuka sauka maigida ya gaishe shi da kyau, ya ɗan ba shi na shayi. Shi zai nuna muku mai burodi, da mai kawo ruwan gora, da kantin maganin da ba ya rufewa da dare, kuma in gas ya ƙare shi zai kira mai tukunya. Ya fi Google Maps sanin inda abinci yake da tsafta, don a nan yake saye.

Da safe ku sauko ku nemi mai ful. Za ku gan shi da amalanke da wata ƙatuwar tukunya mai siririn wuya a karkace, yana zura doguwar ludayi yana ɗebo waken da ya kwana yana nuna a ƙaramar wuta. Ya dama shi da mai da lemon tsami da ɗan gishiri, ya miƙo da burodinsu mai faɗi, aish baladi, da ɗanyar albasa. Ma'aikata a tsaye suke ci su wuce ofis. Ku je da roba ku sayo ku hau sama. A gefensa ba a rasa mai suyar ta'amiya, wadda in kin gutsura za ki ga cikinta kore saboda ganyen da ake niƙawa da waken. 'Yar uwar ƙosai ce, don haka ina ganin Hajiya ba za ta ƙi ba. Ful zai fi dacewa da ita a kan koshari, don koshari shinkafa ce da taliya da makaroni a kwano guda.

Cefane kuma, ki tambayi kasuwar Sulaiman Gohar, a cikin Dukki take. Lokacin da za ku zo lokacin lemo ne da gwaiba da sitiroberi. Mangwaro sai da zafi, kada yara su sa rai. Da daddare za ku riƙa ganin masu gasa dankali a amalanke mai bututun hayaƙi, a cikin sanyin nan ba abin da ya kai shi. Ku zo da rigunan sanyi na gaske, gidajen nan an gina su ne don zafi, cikin ɗaki ya kan fi waje sanyi.

Ranar da kuke son zama ku ci nama, Dukki ta yi suna da gidajen abincin 'yan Yaman. Ku ce a ba ku mandi, wato shinkafa da naman rago ko kaza, ko fahsa da ke zuwa tana tafasa a cikin kaskon dutse. Da yawansu suna da ɓangaren iyali.

Baban Sadik

Malam ya yi bayani, amma ni ban yarda mutum ya je Masar ya maƙale a unguwa guda ba. Ina zuwa sarin kaya, kuma duk wanda na raka sai na kai shi Abu Tarek a titin Champollion, cikin gari. Gini ne hawa-hawa, abin da aka san su da shi ke nan, koshari. Kafin ka gyara zama an dire maka. Kwalba biyu za ku gani a tebur, ɗaya ruwan tafarnuwa da bininga, ɗaya yaji. A yi hankali da ta yajin, ko mu da muka saba tana sa mu tari. Daga nan ku gangara titin Tal'at Harb ku shiga El Abd ku saya wa yara basbusa, wani kek mai zaƙi, in kun iya jure layi.

Sai unguwar masallacin Husaini. Masallacin Azhar da aka aza harsashinsa a 970 yana tsallaken titi, kasuwar Khan Khalili tana gefe, titin Mu'izz kuma ya miƙe har Babul Futuh. A nan kusa akwai Farahat, masu tantabara da aka cusa wa shinkafa a ciki. A kasuwar kuwa, farashin farko na ɗan yawon buɗe ido ne, ki taya ƙasa sosai, in ya ƙi ki juya, zai kira ki.

Abu guda Maman Ikram: a manyan gidajen abinci kuɗin da ke rubuce ba shi za ku biya ba. Ana ɗora kashi 12 na hidima da kashi 14 na haraji, kuma mai kawo abincin yana jiran nasa daban. Ku riƙe canji a jaka, ko'ina ana bukatarsa.

Ummu Hafsa, Maraɗi

'Yar uwa, maza sun faɗi nasu, bari in faɗa miki na wadda ta yi jinyar uwa a garin. Duk wurin da Alhaji ya lissafa yana da kyau, amma ba na mai ciwon gwiwa ba ne. Titin Mu'izz dutse ne aka shimfiɗa, ga cunkoso, ga babura. Ku je da yara ranar da Hajiya take hutawa, ko ku kai ta Azhar ta yi salla ta zauna a tsakar masallacin, ku ku zaga ku dawo ku ɗauke ta.

Maganar tuwo, kwantar da hankalinki. Shinkafar Masar gajera ce mai danƙo, ba ta wahalar tuƙi, tuwonta har ya fi na wata shinkafar gida laushi. Ki taho da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajinki, a ƙulle su da kyau kada su cika akwati da wari. Muciya ma ki sako, ba za ki samu a kicin ɗin ba. Lalo kuwa yana nan birjik, shi ne molokiyar da suke ji da ita, ana sayar da shi yankakke a firiza a kowane babban kanti. Su da tafarnuwa da romon kaza suke yi, ke sai ki jefa daddawarki. Zoɓo ma akwai, karkade suke cewa. Amma duk abin sha da za ki karɓar wa Hajiya, shayi ne ko zoɓo, ki ce "min ger sukkar", don hannunsu yana da nauyi a sukari. Ruwan rake a bar wa yara.

In kin gaji da girki, tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 gidajen abincin 'yan Sudan suka yawaita a Faisal da Ardul Liwa, duk a ɓangarenku na Giza. Suna yin asida, wato tuwonsu, da miyar busasshiyar kuɓewa, mamata da shi ta rayu. Wasu suna kan manhajar odar abinci ta Talabat, har ƙofa za a kawo.

Ki rubuta wa mai gidan nan ya turo bidiyon lif ɗin yana tafiya. Mu namu mai gidan cewa ya yi akwai, kuma akwai ɗin, sai dai daga hawa na ɗaya yake farawa, sai an taka matakala kafin a kai gare shi. Kullum sai mun riƙe tsohuwa mu biyu. A jirgin ƙasa kuma akwai taragon mata a tsakiya, ke da 'yan matanki ku shiga nan. Hajiya dai a sa ta a Uber.

Maman Ikram, Kano

Kai, Allah ya saka da alheri. Anti Ummu Hafsa, na tura masa saƙon lif yanzun nan, muciya kuma ta shiga lissafi. Malam, to da yamma fa? Akwai inda za mu kai Hajiya ta sha iska ba tare da ta wahala ba?

Ɗan Azhar

Akwai, Anti. Kogi yana kusa da ku. Ku sami jirgin ruwa mai filafilai, faluka, ku yi ciniki na awa guda kafin ku shiga, kuma ku duba matakalar sauka tukuna saboda ƙafarta. Ku tafi bayan la'asar, don a Disamba wajen ƙarfe biyar rana ta faɗi. Yara kuma a tsallaka da su gadar Ƙasrun Nil su ga zakunan tagulla, ko a hau da su hasumiyar Alƙahira mai tsayin mita 187.

Duk wurin da yake nesa ku bar shi sai safiyar Juma'a, lokacin tituna babu kowa. Ɗalibanmu da yawa suna Hayyul Ashir a Madinat Nasr, kuma akwai matan da ke yin tuwo da masa na sayarwa a gida, amma daga Dukki ranar aiki tafiyar za ta iya cin fiye da awa. In Hajiya ta matsa sai masa, ki yi min magana ta akwatin saƙo tun ranar Laraba, sai a yi oda a kawo muku Juma'a kafin a tafi masallaci.