Neman kalma: me za mu kira yawon da ake kai baƙi su ɗanɗana giyar inabi?

1/
Malamai masu fassara, ku matso. Akwai wasu kalmomi uku na Turanci da suka taɓa jawo mini faɗan Kawu, wato wine tasting tour, kuma yau nake so mu yi musu suna da Hausa mu huta.

2/
Kawuna ya je taro Cape Town, aka sauke su a wani ƙaramin masauki a Stellenbosch, garin da ke kamar kilomita 50 gabas da birnin. Ranar da ba su da zama, matar da ke da masaukin ta miƙa masa wata 'yar takarda. Ya ɗauki hotonta ya turo mini ta WhatsApp, ya ce, "Ɗan nan, duba mini me matar nan take tallatawa." Ina cikin sauri na ce, "Kawu, ziyarar gonakin inabi ce, har da ɗanɗana ruwan inabi." Kawu manomi ne tun kafin ya zama ma'aikaci, jin gona kawai ya biya kuɗi ya shiga mota.

Gonar dai ya gan ta, layi-layi har gindin dutse. Daga nan aka sauka da su wani ɗaki mai sanyi cike da gangunan katako, aka fito aka zaunar da su gaban dogon tebur. Kowa an jera masa kofunan gilashi biyar masu dogon wuya, an ɗiga abu kaɗan a gindin kowanne, biyu farare, uku jajaye, ga wani bokitin ƙarfe a tsakiya. Ya ce da ya ga mutane suna juya kofi suna cusa hanci ciki, sai ya kai nasa hanci shi ma. Warin ne ya gaya masa abin da ɗan ƙanwarsa mai digiri bai gaya masa ba. Haka ya wuni da gorar ruwa a hannu, gona uku, don motar ba ta komawa sai yamma.

3/
Laifin na "ruwan inabi" ne, kuma ni na faɗe shi. Ba wai kalmar ba ta da asali ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ita yake amfani, kuma Kirista Bahaushe in ya ji ta a labarin bikin Kana ya san abin da ake nufi. Amma fitar da ita daga coci ka kai ta kanti a Kano ko Maradi, abin da mutum zai hango shi ne lemon kwali, ko kwalbar nan mai kumfa da ake fasawa a wajen dina wadda ba ta da maye. Ita ma "wayin" da wasu suka ce mu ara, matsalarta ke nan: a bakin mutanenmu ta haɗa mai bugarwa da marar bugarwa.

Saboda haka ni dai "giyar inabi". Wani dattijo ya taɓa ja da ni cewa giya a asali ta hatsi ce, 'yar uwar burukutu, barasa kuma ita ce ta kwalba mai ƙarfi. Ranka ya daɗe, na yarda da tarihin. Sai dai yau duk abin da ke sa maye giya muke ce masa, malamai ma da ita suke fassara hamru a wajen tafsiri.

4/
Sai wurin da ake yin ta. "Gidan giya" ba zai yiwu ba, wannan mashaya ce. "Kamfanin giya" kuma zai kai hankalin mai karatu Kakuri ta Kaduna, manyan tankuna da tireloli. Abin da ke Stellenbosch daban ne: gona, wurin matsa, ɗakin ajiya da gidan mai gonar duk a shinge ɗaya, sau da yawa a hannun iyali ɗaya kaka da kakanni.

Kalmar da ta kwanta mini ita ce gandu. Gandun giyar inabi. Ta ɗauki girman, ta ɗauki gadon, har ta ɗauko abin da takardar talla ba ta faɗa. An fara matsa inabi a yankin Cape a 1659, zamanin Jan van Riebeeck, shugaban Turawan Holland na farko a wurin, wani magajinsa Simon van der Stel kuma ya kafa gandun Constantia a 1685, kuma bayi ne suka yi ta noman gandayen nan, cikinsu har da kakannin Musulman Cape na yau. Bayan an soke bauta aka daɗe ana biyan lebura wani ɓangare na ladansa da giya, tsarin da suke kira dop. Bahaushen da ya san gandun sarki da waɗanda suka noma shi ba ya buƙatar dogon bayani.

5/
Mai masaukin fa? A labari "mai masauki" ta isa. Amma in kana so mai karatu ya gane cinikin da ke tsakaninta da masu gandu, tuna masa fatoma. Fatoma shi ke sauke baƙon ɗan kasuwa, ya ba shi ɗaki da abinci, ya kai shi wurin wanda zai yi ciniki da shi, ya samu la'adarsa. Matar nan ma haka take: ta san gandayen da za su karɓi baƙinta da kyau, ta shirya mota da direba don kada wanda ya sha ya riƙe sitiyari, wani lokaci ta samo musu rangwame. Ribarta baƙon da zai kwana ɗaya ya kwana biyu. Ribar mai gandu ya sayar da kwalba a ƙofar gidansa ba tare da dillali ya ci rabi ba.

Kuma ba jiya aka fara ba. Masu gandu uku, Frans Malan da Neil Joubert da Spatz Sperling, su suka buɗe hanyar giya ta Stellenbosch, wato jerin gandayen da baƙi ke bi suna ɗanɗano, a 1971, bayan Faransa ta riga su da ta Alsace tun 1953. A Franschhoek da ke maƙwabtaka har ɗan jirgin ƙasa suka sa yana ɗaukar baƙi daga wannan gandu zuwa wancan.

6/
Ɗanɗano ba gardama a kansa. Kowa ya san ɗan yankin da mai tsire ke miƙo maka a bakin wuƙa kafin ka ce na nawa. Bambancin kawai, a can biyan ɗanɗanon ake yi, kuma gwanayen ba sa haɗiyewa, kurɓa suke su wasa da shi a baki su tofar. Aikin bokitin nan ke nan.

7/
Wadda ta fi ba ni wahala ita ce ta ƙarshe. "Yawo" in ba ka haɗa shi da buɗe ido ba, yana da warin zaman banza. "Ziyara" ta 'yan uwa ce da wurare masu tsarki, ban iya sa ta kusa da giya ba, ita ce ma rabin abin da ya yaudari Kawu. "Zagaye" da "kewaye" kuwa, kun san inda Bahaushe ke nufi in ya ce bari ya zagaya.

Na tsaya a kan rangadi. Na san za a ce na sarakuna ne da gwamnoni, amma ai makaɗa ma suna yin sa. Abin da ke cikinsa shi ne a tsara tun daga gida, a tsaya nan, a tashi, a tsaya can, ana jiran ku a kowane zango. Abin da motar masaukin ke yi ke nan.

8/
To ga shi: rangadin ɗanɗanon giyar inabi. A cikin jimla kuma sai a ce, "Masu masauki sun haɗa kai da gandayen giyar inabi na yankinsu suna shirya wa baƙi rangadin ɗanɗano." Ta yi tsawo, na sani. A tsakiyar labari a gajarta ta zuwa "rangadin ɗanɗano", amma a kanun labari da jimlar farko kalmar giya ta fito ɓaro-ɓaro, mai zuwa ya je da saninsa, mai ƙi ya ƙi da saninsa.

'Yan uwa na Nijar da ke fama da dégustation ta Faransanci, ku gwada ta a kunnen mutanen Damagaram ku gaya mini ko ta zauna.

9/
Na tura wa Kawu tun ɗazu. Ya maido da saƙon murya, ya ce rangadin ya ji shi, gandun ma ya yarda, saura kuɗin motarsa da har yau ban biya ba.