Na amsa zan shiga tseren dutse a Burnsall, yanzu kuma cikina ya ɗuri ruwa

Auwal na Bradford:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema kafin in jefa kaina cikin abin da ya fi ƙarfina. Shekarata biyu a Bradford ta ƙasar Ingila ina aikin jinya, tun bara na fara ɗan gudu saboda tumbi ya fara leƙowa, duk Asabar ƙarfe 9 ina zuwa parkrun na Lister Park, wato gudun haɗaka da jama'a ke yi a filin shaƙatawa, kilomita 5 nakan gama a minti 26 ko 27 in ban kwana wajen aiki ba. To akwai wani dattijon Bature da muke aiki tare, ya haura 60, siriri kamar sillen kara, shi ne ya ce min gudun kan kwalta ai wasan yara ne, in zo watan Agusta mu je bikin ƙauyen Burnsall a yi tseren dutse da ni, wanda suke ce wa fell race. Na ce nawa ne nisan, ya ce mil ɗaya da rabi kacal, wato ko kilomita biyu da rabi bai cika ba. Ni kuwa da jin haka na ce ai wannan ko da azumi a bakina zan yi shi, na amsa a gaban kowa a ɗakin shan shayi.

Lahadin da ta wuce na hau jirgin ƙasa zuwa Ilkley don in ɗan gwada, na bi ta wajen duwatsun nan na Cow and Calf na haura sama. Hawan dai na yi shi da haki kamar zan shiɗe amma na kai. Gangarowar ce wlh ta nuna min ni ba kowa ba ne, an yi yayyafi da safe ciyawa ta jiƙe, kambas ɗina santsi kamar na taka sabulu, sau biyu ina zama daɓas a taɓo, har wata tsohuwa da karenta ta tsaya tana tambayata ko lafiya. Bayan kwana biyu cinyoyina suka ƙage, zaman tahiya ya gagare ni, matattakalar bene da baya da baya nake sauka ina riƙe da bango.

Sati shida ya rage. In je ko in nemi uzuri? In zan je wane takalmi zan saya, kuma wai su yaya suke gangarowa ba sa faɗuwa?

Alhaji Baba Leeds:
Wa alaikumus salam. Auwalu ɗana, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kai da ƙafarka kake neman abinci, awa 12 kana tsaye a kan marasa lafiya, in ka karye wa zai yi maka aikin, Baturen? Shi an haife shi a kan dutsen nan. Ka ba shi haƙuri ka ce iyali sun hana.

Sadiq Fagge:
Hhhh mutumin da ko Dala bai taɓa hawa ba sai da yawon sallah shi ne zai yi tsere da tumakin Yorkshire. Ka gaya mana ranar mu zo da kyamara.

Dan Jos:
Malam Auwal kar ka biye wa Sadiq. Ni ina Lancaster, shekara huɗu kenan ina shiga irin waɗannan tseren, kuma da irin faɗuwar da ka yi na fara, don haka bari in yi maka bayani dalla-dalla.

Na farko mil ɗaya da rabin nan shi ya yaudare ka. Su ba nisa kaɗai suke dubawa ba. Ƙungiyar masu tseren dutse, FRA a taƙaice, wadda aka kafa a 1970, tana raba tsere da haruffa biyu, harafin farko na tsananin hawa ne, A shi ne wanda aƙalla ake haura mita 50 a kowace kilomita, na biyun kuma na nisa, S shi ne kilomita 10 ko ƙasa da haka. Burnsall ɗin da za ka je hawansa kusan mita 270 ne, kuma ka tuna rabin hanyar ce kawai hawa, rabin gangara, ke nan cikin kilomita ɗaya da 'yan kai za ka haura tsayin bene mai hawa kamar 90. Ka ga ba parkrun ba ne.

Amma ga abin da zai kwantar maka da hankali, ba wanda ya ce sai ka hau da gudu. In aka bar ƙauyen aka wuce filayen ciyawa aka fara hawan gaske, za ka ga kusan kowa ya koma tafiya, an sunkuya an dafa gwiwa da hannu biyu ana tura ƙafa kamar mai tura kurar ruwa, kuma a wurin da ya miƙe sosai wannan tafiyar ta fi gudun sauri ga irinmu. Kuskuren da na yi a tserena na farko shi ne da aka busa na fita a guje tare da yaran ƙauyen don kar a raina ni, kafin mu isa katanga ta farko ƙirjina ya ɗau wuta, bakina har ɗanɗanon ƙarfe nake ji, dattawan da na wuce ina murmushi duk suka zo suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Ka tsaya a baya ka fita a hankali.

Gangara kuwa ita ce tseren. Abin da ke kayar da baƙo shi ne tsoro yana sa ka jingina baya ka dinga cusa dunduniya kana taka birki, to da zarar nauyinka ya koma baya ƙafa sai ta zame gaba ka zauna, abin da ya same ka a Ilkley kenan. Ka ɗan karkato jikinka gaba ya bi gangarar, gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku ƙanana da sauri-sauri, hannu a buɗe kamar tsuntsu zai tashi, kar ka damu da yadda za ka fito a hoto. Idonka kuma kar ya tsaya kan ƙafarka, ka dinga kallon taku uku ko huɗu a gabanka. Inda ya yi tsanani ka dinga ratsawa dama da hagu, inda ya fi haka ma ka zauna ka zame da mazaunai, babu abin kunya a ciki, na ga waɗanda suka fi ni iyawa suna yi.

Auwal na Bradford:
Allah ya saka da alheri Dan Jos. Wato abin da nake ganin shi ne taka-tsantsan shi ne ma yake kayar da ni. To takalmin fa? Na duba na ga kuɗinsu ba wasa.

Dan Jos:
Takalmi kam ba makawa, in ba za ka saya ba to ka bi maganar Alhaji Baba ka zauna a gida. Na kwalta ƙasansa sumul yake kuma yana da tudu, ƙafarka na can sama, saurin gurɗewa gare shi. Na dutse ƙasansa haƙora ne na roba dogaye kamar na takalmin ƙwallo, kuma sirara ne ƙafa na kusa da ƙasa. Ka nemi na kamfanin Inov-8, samfurin Mudclaw ko X-Talon, ko kuma Walsh da ake yi a Bolton wanda tsofaffinsu suka fi so. Ba sai sabo ba, ni nawa na farko na hannu na saya a intanet, abin dubawa kawai haƙoran ba su cinye ba. Ya kama ƙafarka sosai kar ta dinga yawo a ciki, in ba haka ba yatsunka za su yi ta dukan gaban takalmin a gangara farce ya yi baƙi ya fita. Kuma ka saya a satin nan ka fara sakawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Abu ɗaya, a kan jiƙaƙƙen dutse ko katako duk takalmin duniya santsi yake, can ka rage gudu.

Maman Hanif:
Sannu ƙanina. Ni aikina gashin ƙashi da motsa jiki ne a nan Manchesta, bari in ce wani abu kan tsamin jikin da ya hana ka zaman tahiya. Ba ciwo ka ji ba, in kana gangara naman cinya yana aiki ne yana miƙewa a lokaci guda yana riƙe nauyinka, wannan shi ke kawo tsamin da ya fi tsanani bayan kwana ɗaya zuwa uku. Daɗin abin shi ne jiki na saurin sabawa, in ka sake komawa za ka ga tsamin bai kai na farko ba, na uku ma ya fi sauƙi. Saboda haka sau ɗaya a sati ka je ka yi gangara, amma ta ƙarshe mai ƙarfi ta kasance saura kwana 10 ko sati biyu, kar ka je ranar da cinya a ƙage.

Abin da na fi ji maka shi ne idon sawu. Kullum in kana goge baki ka tsaya da ƙafa ɗaya, minti ɗaya dama minti ɗaya hagu, in ka saba ka rufe ido. Ka tsaya a matattakala ka dinga sauke ƙafa ɗaya ƙasa a hankali kana ƙirga uku, sau 10 kowace ƙafa. In ka taɓa yin targaɗe a baya ka gaya min don maganar za ta canza. Sannan don Allah ka nemi hutu daren da zai kai ka ranar tseren, mai gyangyaɗi ba ya ganin inda zai sa ƙafa.

Malam Nura:
Ni tambayata ita ce sutura. Na ga hotunansu, gajeren wandon nan nasu ko rabin cinya bai rufe ba. Auwal kar garin neman suna a bar al'aura a waje.

Dan Jos:
Malam ba dole ba ne, ni dogon wando mai kama jiki nake sawa in ɗora gajere har gwiwa a kai, ba wanda ya taɓa ce min uffan. Ya ma fi, don saman dutsen akwai wata gajeriyar ciyawa mai kaushi da ke yagar ƙwauri, ga kaska saboda tumaki. In ka dawo gida ka duba jikinka, bayan gwiwa da matsematsi, in ka ga ta kama ka cire ta da hantsaki a hankali kar ka matse ta, in daga baya ka ga jan zobe yana faɗaɗa a wurin ka je wajen likita.

Injiniya Kabiru:
Wannan ba irin na Obudu ba ne da aka fara a Kuros Riba a 2005? Na tuna har dala 50,000 ake ba wanda ya zo na ɗaya, 'yan Habasha da Kenya su zo su kwashe. In akwai kuɗi haka ni ma a rubuta sunana.

Dan Jos:
Injiniya ajiye biron ka hhh. Na Obudu kusan kilomita 11 ne kuma hawa ne zalla har sama, wannan kuwa ka hau ka zagaya tulin duwatsun da ke ƙololuwa ka dawo inda ka tashi. Kuɗin shiga 'yan fam kaɗan ne, kyautar ma ba ta taka kara ta karya ba, suna ne kawai da tarihi. A Burnsall ɗin nan a 1910 wani Ernest Dalzell ya hau ya sauko cikin ƙasa da minti 13, aka shafe shekara sama da 60 ba wanda ya kamo shi har wasu suka fara cewa agogon ne ya yi ƙarya, sai a 1977 Fred Reeves ya karya shi. Kai Auwal in ka yi minti 25 zuwa 30 ka sauko da ƙafafunka biyu ka yi ƙoƙari. Sadiq kuma in kallo kake so ka bari sai bikin ƙauyen Grasmere a ƙarshen Agusta, can har kokawa suke yi irin tasu, a sarƙe hannu a bayan juna, duk wanda ya saki ko wani abu nasa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa an kayar da shi.

Saura abu biyu kar in manta. Ka jefa rigar ruwa da hula da safar hannu da usur a jaka, a dogayen tsere dole ne a ɗauki irin waɗannan har da taswira da kamfas, a gajere kuwa mai shirya tseren ne ke yanke hukunci ya danganta da yanayin ranar, in hazo ya sauko zai iya cewa kowa ya ɗauka. Na biyu, in ka karɓi lamba sannan ka ga ba za ka iya ƙarasawa ba, kar ka sulale ka shiga mota ka tafi, dole ka je wajen masu ƙirga a ƙarshen tsere ka ce ka janye, in ba haka ba za su ɗauka kana can sama a kwance su tayar da masu ceto, waɗanda 'yan sa kai ne, su yi ta nemanka.

Alhaji Baba Leeds:
To tunda kun taru kun zuga shi shi kenan. Ni dai Auwalu in matarka ta kira ni zan ce ba da yawuna ba. Ka tafi da guzurinka, bukukuwan ƙauyen nan naman alade da giya ne suka fi yawa.

Auwal na Bradford:
Na gode ƙwarai jama'a, Baba a yi min addu'a kawai. Yaya Maman Hanif gaskiya na taɓa targaɗe a ƙafar hagu wajen ƙwallo amma ya kai shekara bakwai, yanzu na gwada tsayuwar da ƙafa ɗaya a kicin, dama ta yi minti ɗaya lafiya lau, hagun ko daƙiƙa 20 ba ta kai ba na kama firji. Na samu Mudclaw na hannu lamba 43, mai shi ya ce sau uku ya saka. Dan Jos in ba ka da aiki Lahadi mai zuwa ko za ka daure ka zo Ilkley ka nuna min gangarar nan da idona, ni zan biya kuɗin jirgi, abincin rana kuma tuwon shinkafa ne a gidana.

Maman Hanif:
Hagun nan ka ninka mata aikin, safe da yamma, kuma ka turo min bidiyon yadda kake tsayawa in gani kafin ka sake hawa ko'ina.

Dan Jos:
Lahadi ina da aiki har azahar, sai dai ta sama. Ka zo da wandon canji da leda ta saka takalmi.