Kwikwiyona yana cin kashi, me zan yi masa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah a taimaka min da shawara, kwikwiyona bai kai shekara ba amma da ya yi bayan gida sai ya juya ya cinye, har na babban karen ma baya bari. Kuma wlh yana samun abinci isasshe. Yara na wasa da shi, shi ya sa abin ya dame ni.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Baban Khalifa, abu ne da karnuka suka saba. Karya in ta haihu ita ke lashe 'ya'yanta tana cinye kashinsu kusan sati 3 na farko don wurin ya zauna da tsafta, su ma ƙananan komai suka gani baki suke kai wa. Da yawa suna dainawa da kansu in sun girma.

Mai Karnuka: Ni dai an ce a riƙa sa masa abarba a abinci, ko a barbaɗa barkono a kan kashin, wai sai ya ji ƙyama.

Dakta: Malam Mai Karnuka, in har ka isa wurin kashin da barkono a hannu ai gara ka kwashe shi kawai. Akwai binciken da Benjamin Hart da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa a 2018, sun samu kusan kare 16 cikin 100 na yin haka a kai a kai, kuma magungunan da ake sayarwa don hana su da ƙyar suke aiki a kan 2 cikin 100. Abin da ya fi min amfani a ciki shi ne yawanci sabon kashi suke so, wanda bai wuce kwana 2 ba, kuma an fi gani a gidan da ke da kare fiye da ɗaya da kuma karnuka masu haɗama, to Baban Khalifa ka ga naku gidan ya shiga ciki.

Baban Khalifa: Toh Dakta, ba ciwo ba ne kenan?

Dakta: Yawanci ba ciwo ba ne, amma kar a yanke hukunci daga nesa. In yana ramewa duk da yana ci, ko zawo, ko kashin nasa ya yi yawa da maiƙo-maiƙo, ko shan ruwa ya ƙaru, a kai shi wurin likitan dabbobi da ɗan samfurin kashin. Tsutsar ciki na sa yunwa, haka ciwon suga, haka matsalar fankiriyas, wata gaɓa a cikin ciki, da ke hana jiki narkar da abinci wadda aka fi gani a karnuka irin Jaman Shefad, har maganin firednisolon na rage kumburi ma yana ƙara musu yunwa. Tunda akwai yara a tabbatar an ba duka karnukan biyu maganin tsutsa, rigakafin fabo, cutar da ke sa karnuka amai da zawo, ma ya cika, kar a bari ya lashi fuskar yaro, su kuma wanke hannu da sabulu bayan wasa.

Hajiya Babba: Abu ɗaya zan roƙe ka ɗana, kar ka dake shi, kar kuma ka tura masa hanci a ciki kamar yadda wasu ke yi. Tsoro kawai zai koya, sai ya riƙa saurin cinyewa kafin ka gani. Kare da ke wuni a keji ko a ɗaure babu mai kula shi ma zaman kaɗaici kan sa shi haka, a riƙa fita da shi yana motsa jiki.

Abu Safwan: Gsky ne Hajiya. Abin da na ga yana aiki, ka tsayar masa da lokacin cin abinci, ƙananan karnuka ba sa daɗewa bayan sun ci suke yin bayan gida, sai ka fita da shi da igiya a wuya, yana gamawa ka kira sunansa ka ba shi wani abu mai daɗi a hannunka, kafin ya waiwaya an kwashe. Ka koya masa kalmar "bari" tun a cikin gida da wani abu daban. In kuna da mage a ɗauke mata wurin kashinta zuwa inda ba zai kai ba, don shi suka fi so.

Mai Karnuka: Takunkumi fa?

Abu Safwan: Na kwando kawai, wanda zai iya buɗe baki ya yi haki ya sha ruwa, kuma lokacin fita yawo kaɗai, a wanke shi duk dawowa don wani karen sai ya goga shi a kan kashin.