Yara 24, kwallo biyu, ya zan yi da atisayen boli?

Malamin lissafi, Gombe:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah wadanda suka san harkar kwallon raga ku taimaka min da shawara, boli nake nufi ba tanis ba. Ni lissafi nake koyarwa, kawai an ji na dan buga lokacin ina dalibi shi ne aka dora min yaran, 'yan aji daya zuwa uku na karamar sakandare, su 24 in kowa ya zo. Kwallo biyu gare mu, dayar ma sai an mata iska kullum. Talata da Alhamis muke fita bayan la'asar. Yadda nake yi in jera su layi daya ina wurga wa kowa ya karba ya koma baya, to wallahi kafin layin ya zagayo na baya sun fara kokawa, wasu sun dauke dayar kwallon sun mai da ita tamaula. Sati shida kenan amma in na raba su shida-shida sabis dinsu, wato bugun fara wasa, ko raga baya tsallakewa, sai dai a yi ta bin kwallo cikin ciyawa. Ni ne ban iya ba ko haka abin yake da farko?

Tsohon mai daga kwallo, Bauchi:
Wa alaikumus salam Malam. Tunda lissafi ne aikinka mu yi shi tare. Yara 24 a layi, ce kowa yana cin sakan 5, minti biyu kenan kafin yaro ya sake taba kwallo, a minti 20 sau 10 kacal ya taba. To da me zai iya? Ni ma da nake yaro da haka aka min da tuni na koma tamaula.

Ka fasa layin nan. Filin boli mita 18 ne a tsawo 9 a fadi, sauke ragar ka samo igiyar shanya mai tsawo ka daure ta a tsawon filin ba a fadinsa ba, ka rataya mata tsumma ko leda don a rika ganinta, sai ka ja layi da toka ka raba gida uku, kowanne mita 6. Ka samu kananan filaye uku kenan, uku da uku a kowanne, yara 18 suna ciki, shidan da suka rage su jira a gefe biyu-biyu, duk wanda ya zubar da kwallo ya fita na gefe ya shigo. Za ka ga ihu ya canza. Kwallo kuma ka shiga babbar kasuwa ka sayi ta roba irin ta yara guda uku ko hudu, ba ta da nauyi kuma ba ta cin hannu, ta gasken nauyinta giram 260 zuwa 280 ne, a hannun dan aji daya kamar dutse take.

Sannan tsayin raga, na tabbata a na manya ka daure ta, mita 2.43 na maza ne manya, mata 2.24, yaro dan shekara 12 ina zai kai? Sauke igiyar zuwa wajen mita 2. Sabis kuma su fara da na kasa, wato a bugo kwallon da hannu daga kasa zuwa sama, kar ka kai su layin baya, su tsaya kusa-kusa, wanda ya tsallakar sau uku a jere ya ja baya taku daya. Kuma da farko ka yarda su cafke kwallon a tabawa ta biyu su wurga sama wa na uku, eh na sani ba doka ba ce, amma ta haka suke gane cewa tabawa uku ake yi ba a mayar da ita da bugu daya kamar ana korar kaza.

Malamar 'yan mata, Kumo:
Baba na Bauchi ya gama magana, sai dai ni ban yarda a jefar da layi gaba daya ba, minti biyar na farko ina jera nawa in duba hannun kowa, don in yarinya ta saba da sarke yatsu cire mata shi aiki ne. Tafi daya kan daya, manyan yatsu a jere, gwiwar hannu a mike, kwallon ta sauka sama da wuyan hannu kadan, a durkusa a taso da kafa ba a rika wurga hannu sama ba. Satin farko hannunsu zai yi ja ya yi zafi, akwai wadda ta nuna min nata tana hawaye wai ta daina, na ce ta zo da riga mai dogon hannu, yanzu ita ke karbar sabis. Kuma Malam ka koya musu kira, duk mai zuwa wa kwallo ya daga murya ya ce tawa! in ba haka ba mutum biyu za su tsaya suna kallon juna ta fadi a tsakiyarsu. Ruwa kar ka manta, zafin Gombe na watan uku da hudu ko bayan la'asar ba wasa ba ne.

Dan Pantami:
Hhhh Malam masu sa kafa kar ka kore su fa, a dokar yanzu ko da kafa ka taro kwallo ta halatta, sabis ne kawai dole da hannu. Amma kar ka fada musu yanzu.

Malamin lissafi, Gombe:
Na gode kwarai Allah ya saka da alheri. Baba lissafin nan ya ba ni kunya wallahi. Jiya Alhamis na gwada, igiyar rijiya na aro wajen maigadi, gefe daya a bishiyar darbejiya daya gefen a karfen tagar aji, kwallon roba biyu na samu. Har aka fara kiran magariba sai da na kwace kwallon da kaina. Matsala daya, kwallon wannan fili tana fadawa wancan kowane lokaci ana ta rigima kan ko a sake ko an ci. Malama yaya kike yi da wannan?